Amsa Kiran Suna Ba Shi Ne Karatu Ba: Tsokaci Kan Zuwa Coci Da Sujada

Kowane malamin makaranta ya san bambancin yaron da ke zuwa aji da yaron da ke karatu. Rajistar kiran suna tana iya cika da alamar zuwa tun daga Oktoba har Yuni, ranar jarrabawa kuma takardar yaron ta fito fara fat. Duk da haka babu malamin kirki da zai ce wa ɗalibi, tunda zuwa ba shi ne karatu ba, to ya yi zamansa a gida. Na fi shekara ashirin ina koyarwa a firamare a nan Gaya, na kuma daɗe ina riƙe da ajin yara na makarantar Lahadi a cocinmu. Duk lokacin da aka tayar da zancen wane ne mai sujada ta gaskiya, wannan misali na rajista shi ne ke fara zo mini a rai.

Na san da yawa daga masu karanta wannan rubutu Musulmi ne. Ina roƙonsu su yi haƙuri su bi ni har ƙarshe, domin duk da cewa a kan gidanmu na Kirista zan yi magana, damuwar ta iyaye ce baki ɗaya. Uban da ke tsoron kada ɗansa ya tashi yana cika sahu alhali halinsa bai canza ba, da uwar da ke tsoron kada 'yarta ta haddace waƙoƙin coci alhali ba ta san tausayi ba, abu ɗaya ne ke hana su barci.

Mu Kirista a Nijar 'yan kaɗan ne. Ƙidayar 2012 ta nuna ba mu kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A Gaya kuwa, saboda garin yana bakin kogi, ga Malanville ta Benin a ƙetaren gada, ga Kamba ta jihar Kebbi ba nisa, cocinmu ya zama kamar tashar mota. A benci ɗaya za ka ga Bahaushe daga wajen Maradi da aiki ya kawo, da mutumin Benin mai gyaran kamiyo, da 'yar Togo mai sayar da abinci, da Bayarabe ko Inyamuri mai shagon kayan gyara, da Bagurme da ya zo noma. Wa'azi ɗaya sai an juya shi Faransanci da Hausa, wani lokaci har da Zabarmanci ko Dendi. Wanda yake baƙo kuma ɗan tsiraru, coci yakan zame masa abubuwa da yawa lokaci guda: wurin jin harshen gida, wurin samun labarin aiki, wurin neman aure, wurin nuna sabon zane. Babu laifi a cikin ko ɗaya. Matsalar tana farawa ne ranar da waɗannan suka cika wurin har aka rasa inda za a ajiye abin da ya tara mu.

Kalmomin da muke amfani da su ma suna da abin koyarwa. "Coci" aro ne daga Turanci, wasunmu kuma nan Nijar sukan ce "egiliz" irin ta Faransanci. "Majami'a" tushenta Larabci ne, wurin taruwa ke nan. "Ikilisiya" daga harshen Girka ta fito, kuma asalinta ba gini take nufi ba, taron mutane ne da aka kira. Sai babbar kalmar, wato "sujada". Mu Kirista masu jin Hausa da ita muke kiran dukan hidimar Lahadi: mu ce an shiga sujada, an tashi daga sujada. Amma maƙwabcina Musulmi ya san ainihinta fiye da yawancinmu, domin a wurinsa sujada ita ce ɗora goshi a ƙasa. Mafi ɗaukakar gaɓa a jikin mutum ta sauka inda ƙafa ke takawa. Iyayenmu na farko a bangaskiya, waɗanda suka ji bishara bayan zuwan 'yan mishan na SIM Damagaram a 1924, daga baya Tsibiri kusa da Maradi, da wannan kalma suka tashi, suna kuma kiran kansu "masu bi". Sunayen biyu duk aiki suke nunawa: mutum ya ƙasƙantar da kansa, sa'an nan ya tashi ya bi.

To, mece ce tambayar da muke yi wa 'ya'yanmu ranar Lahadi da rana? "Ka je coci?" Idan ya ce i, magana ta ƙare. Mun kira suna, ya amsa, mun rufe rajista. Kaɗan ne cikinmu ke tambaya me aka karanta, me ya gane, wa ya gani yana cikin damuwa. Yaro kuwa ba wawa ba ne. Abin da ake tambayarsa shi yake ɗauka a matsayin abin da ake so, sai ya koyi kawo jikinsa ya bar zuciyarsa a gida.

Wata rana a ajin Lahadi muna magana a kan baiko, wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, idan mutum ya sa jika biyar a baiko, amma yaron shagonsa ya yi wata uku ba a biya shi ba, Allah zai karɓa?" Ajin ya yi tsit. Ban tambaye ta wa take nufi ba, bai kuma kamata in tambaya ba. Na dai buɗe musu Matiyu sura 5, inda Yesu ya koyar cewa wanda ya kawo baikonsa, ya tuna akwai wanda ke da ƙara a kansa, ya fara zuwa ya shirya da mutumin kafin ya dawo ya miƙa. Yarinyar ta gyaɗa kai kamar wadda ta riga ta san amsar, tabbaci kawai take nema. Tun daga ranar na ƙara gane cewa 'ya'yanmu suna riƙe da tasu rajistar, kuma mu suke kira suna a ciki, daga Litinin har Asabar.

Wannan ba sabon ma'auni ba ne. Wajen shekara ta 112, wani gwamnan Rum mai suna Filini, da ke mulkin lardin Bitiniya a ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta wa sarki Tarajan rahoto a kan Kirista. Ba masoyinsu ba ne, hukunci yake yanke musu. Abin da bincikensa ya gano shi ne sukan taru a wata rana ta musamman tun kafin gari ya waye, su raira wa Almasihu waƙa, sa'an nan su ɗaure kansu da alkawari cewa ba za su yi sata ba, ba fashi, ba zina, ba saɓa magana, ba kuma za su musunta ajiyar da aka ba su ba. Ku duba jerin da kyau. Kusan dukansa zancen kasuwa ne da zaman maƙwabtaka. Wajen shekara ta 150 kuma, Jastin, wanda daga baya aka kashe shi a Rum saboda bangaskiyarsa, ya bayyana yadda taron Lahadi yake: a yi karatu, shugaba ya yi gargaɗi, a yi addu'a, a ci gurasa a sha ƙoƙo, sa'an nan a tara abin da kowa ya ga zai iya, a kai wa marayu da gwauraye da marasa lafiya da 'yan kurkuku da baƙi. A zamanin nan Lahadi ranar aiki ce kamar kowace rana, sai a shekara ta 321 sarki Kwanstantin ya mai da ita ranar hutu. Yawancin taron ma a gidajen mutane ake yi. Ba su da lasifika, ba su da ganga mai lantarki, amma suna zuwa da asuba da ransu a hannu, suna fita da alkawarin riƙon amana.

Mu ma a ƙasar nan an taɓa karɓe mana gini don a ga abin da zai rage. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da washegari Asabar a Yamai, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta juya kan majami'u. Hukumomi sun ce a Yamai kaɗai an ƙona 45, mutum goma kuma suka rasu a biranen biyu. Mu da ke Gaya ta waya muke jin labari, kowa da ɗan'uwansa ko ɗansa ɗalibi a can. Abubuwa biyu ba na mantawa daga labaran da suka riƙa iso mu. Na farko, akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu har ƙura ta lafa. Na biyu, a makonnin da suka biyo baya ikilisiyoyi da yawa sun ci gaba da taruwa a tsakar gidaje da ƙarƙashin rumfuna, kusa da bangayen da hayaƙi ya baƙanta, shugabanninsu kuma suna kiran a yafe. Benci ya ƙone, Littattafai Masu Tsarki sun zama toka, amma mutanen da aka kira suna nan. Maƙwabcin da ya buɗe ƙofarsa kuwa, ba don ya ji daɗin waƙar mawaƙan coci ya buɗe ba. Ya buɗe ne don tsoron Allah da ke zuciyarsa, da kuma shekarun da ya yi yana ganin halin mutumin da ke ƙwanƙwasawa.

A 2020 sai aka sake gwada mu ta wata fuska. Saboda annobar korona gwamnati ta rufe masallatai da majami'u daga watan Maris zuwa tsakiyar Mayu. A wancan lokaci ne kowane magidanci Kirista ya ga tsirarar gidansa. Akwai gidajen da uba ya tara iyali ya buɗe Littafi, uwa ta ɗauko waƙa, yara suka yi addu'a bi da bi. Akwai kuma gidajen dattawa masu kujerar gaba a coci, inda aka yi makonni ba a buɗe Littafi ba, don ba a taɓa sabawa ba. Sujadarsu dama fasto ne ke riƙe musu da ita, da aka kulle ƙofa sai aka kulle da ita a ciki.

Garinmu na kan iyaka ne, kuma gwajin mai bi a nan ba ya wuya a gane shi. Kayan da ke tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano shekara da shekaru ta nan suka yi ta shigowa Nijar, kuma inda kaya ke wucewa, a nan wayo ke kwana. Akwai mai cika takarda da ƙaramin adadi don ya rage kuɗin duwan, akwai mai gauraya man fetur, akwai mai tiya biyu, ta saye daban ta sayarwa daban. Akwai mu malamai, da iyaye ke zuwa wurinmu dab da jarrabawa da ɗan abu a ambulan. Mutum yana iya ɗaga hannuwa sama ranar Lahadi har hawaye su zubo, ranar Litinin kuma hannuwan nan su shiga inda bai kamata ba. Annabi Amos ya yi wa irin wannan magana mai zafi a sura ta 5 ta littafinsa, inda ya nuna Allah yana ƙin bukukuwa da hadayu da kaɗe-kaɗen mutanen da ke tattake matalauta. Wasiƙar Yakubu kuma ta auna addini na gaskiya da kula da marayu da gwauraye da kame harshe. Maƙwabcinmu Musulmi ba ya shiga cocinmu, bai san abin da aka yi wa'azi a kai ba. Wa'azin da yake ji shi ne yadda muka biya bashi, da yadda muka auna masa shinkafa. A garin da muke 'yan kaɗan, Kirista ɗaya ya ci amana, sunan dukanmu ya ci.

Sai dai akwai masu jin wannan magana su karkatar da ita. Yawanci matasa ne, wasu ma tsofaffin ɗalibaina. Sukan ce mini, "Mushe, ai Allah zuciya yake dubawa. Coci cike yake da munafukai. Ni ina sauraron wa'azi a wayata, ya ishe ni." Sukan kawo hirar Yesu da matar Samariya a Yohanna sura 4, inda ya nuna cewa sujada ba ta rataya a kan wani dutse ko wani birni ba, ruhu da gaskiya ake nema. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, amma rabinta suka ɗauka. Wanda ya yi wannan koyarwa shi kansa, kamar yadda Luka ya shaida, al'adarsa ce shiga majami'a ranar Asabar. Wasiƙar Ibraniyawa kuma a sura ta 10 ta tsawata wa masu barin taruwa, ta kuma faɗi dalili: don a riƙa zuga juna ga ƙauna da aikin kirki. Fasto na cikin waya ba ya sanin ka yi kwana uku ba ka ci ba. Ba ya iya kallonka ido da ido ya ce abin da ka yi wa matarka ba daidai ba ne. Idan maganarsa ta taɓa ka inda ke ciwo, da ɗan yatsa ɗaya za ka wuce shi ka nemi wani. A coci kuwa sai ka zauna kusa da mutumin da ya ɓata maka rai, ku karɓi Jibin Ubangiji daga faranti ɗaya. A nan ake koyon gafara, domin ba a koyon iyo a tudu.

Abin da ya fi tabbatar mini da amfanin taruwa ya faru ne bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi aka rufe gada. Manyan motoci suka yi layi a Malanville, kasuwanci ya tsaya, masu ƙananan sana'o'i suka koma ƙetare kogi da kwalekwale a kan kuɗin da ya fi ƙarfin ribarsu. Akwai wata gwauruwa a cocinmu, dattijuwa, wadda abincinta gaba ɗaya daga saro kaya a ƙetare yake. Lahadi ɗaya ba a gan ta ba, ta biyu ma haka. Matan zumunta suka lura da gurbinta a benci, suka bi ta gida. Suka tarar ba ciwo ne ya hana ta ba. Da suka matsa, sai ta ce, "'Ya'yana, da wane ido zan zo? Ana zagayawa da rawa a kai baiko gaba, kowa na kallo, ni kuwa ko dala ba ni da ita." Matan suka haɗa mata hatsi da ɗan jari, suka kuma kai maganar gaban dattawa.

Labarin nan ya koya mini abu biyu. Da ba ta saba zuwa ba, da babu wanda zai san ba ta nan. Ashe babban amfanin rajista shi ne a gane wanda bai zo ba, a bi sawunsa. Malamin da ke kiran suna don ya yi alfahari da cikar aji bai san aikinsa ba. Na kirki yana kira ne don idan suna ya faɗi babu amsa, ya aika a duba ko lafiya. Abu na biyu kuma ya fi ɗaci: mu ne da kanmu muka shirya sujada ta yadda matalauciya za ta ji ba ta da wuri sai da kuɗi a hannu. Muna karanta labarin gwauruwar da Yesu ya yaba wa 'yan kuɗinta biyu, muna kuma kiran sunayen masu manyan alkawura da lasifika ana tafi. Ga kuma tarukan dare na neman mu'ujiza da ake tallatawa daga ƙetaren iyakokin nan biyu, inda ake koya wa mutane cewa albarka tana da farashi. Wanda ya saba da wannan, coci ya zame masa shago, Allah kuma abokin ciniki. Goshin da ya zo ciniki bai sauka ƙasa ba.

Saboda haka, 'yan'uwana iyaye, ga abin da nake roƙo. Mu daina aika yara coci, mu riƙa tafiya da su. Yaron da ubansa ke sauke shi a ƙofa ya wuce majalisa ya riga ya koyi cewa sujada aikin mata da yara ce, kuma yana jiran ranar da gemu zai fito masa ya daina. Mu canza tambayar Lahadi. A kan tuwon rana a tambayi yaro abin da ya ji, da abin da bai gane ba, da wanda bai gani ba yau. Idan ya ambaci suna, a tafi tare da shi a gaishe da mutumin. A sami ko minti goma ne kowane dare a buɗe Littafi a gida. Muna da shi da Hausa cikakke tun 1932, babu uzurin harshe. Sa'an nan mu bar yaranmu su ga muna biyan ma'aikaci a kan lokaci, muna mayar da canjin da aka yi kuskuren ƙara mana, muna zuwa gaisuwar rasuwa da barkar suna a gidan maƙwabcinmu Musulmi da zuciya ɗaya.

Mu kuma malaman makarantar Lahadi, mu rage raba kyauta don yawan zuwa da yawan hadda kawai. Hadda tana da kyau, ni ma ina sa yara su yi. Amma mu riƙa yabon yaron da ya faɗi gaskiya alhali ƙarya za ta fisshe shi, da yarinyar da ta raba abincinta da sabuwar zuwa wadda ba ta jin harshen kowa. Fastoci da dattawa kuma su sake duban yadda ake karɓar baiko, ko a ajiye akwati a bakin ƙofa, yadda mai jika goma da mai dala biyar za su wuce ba wanda ya san na wani.

Ban ce a rage zuwa ba. A ƙara ma, a zo da wuri, a zauna har a sa albarka. Amma a zo kamar ɗalibin da ya san akwai jarrabawa, kuma ba a cikin ajin za a yi ta ba. Za a yi ta ne a bakin gada, da gaban ma'auni, da cikin ɗakin da babu mai gani sai yaranmu da Mahaliccinmu. Allah ya ba mu zukata masu sujada, ya shirya mana zuriya, ya kuma zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya. Amin.